Motar da Kaka Ta Ƙi Shiga

Har yau idan na shiga mota aka danna kilim, na'urar sanyaya mota, na ji ƙaramar ƙarar nan "tak" daga cikin inji, sai gabana ya faɗi. Bari in gaya maka dalili.

Ina yaro a ƙauyenmu kusa da Dumega, babana yana da wata tsohuwar mota baƙa, doguwa, wadda ta girme ni nesa. Ƙarƙashin gawon bayan gida take kwana, bishiyar da tsofaffi ba sa yarda yaro ya zauna gindinta da rana tsaka, don aljanar da suke cewa Doguwa. A wata bazara mai tsanani, motar ta soma kuka. Inji na aiki lafiya, amma da an kunna kilim sai wani ihu siriri ya tashi, kamar mace ce aka shaƙe, ga warin roba mai ƙuna. Ranar da na fara ji, allona ya faɗi daga hannuna, tawadar ta zube a rairayi.

A kwanakin ne ciwon ƙirji ya kwantar da kakata. Numfashinta sai da ƙyar. Malamin asibitin ƙauye ya ce a kai ta Dogon Dutsi, kuma kada zafi da ƙurar hanya su taɓa ta, a rufe gilasai. To, rufe gilasai a wannan rana ba kilim, gasa ta za a yi.

Kaka ta ce ba ta shiga. "Doguwar gawon nan ta tare cikin ƙarfen ga. Ku ba ta baƙar akuya ta hita."

Baba ya durƙusa gabanta. "Inna, komi kika ce in yi miki, amma ba ni yanka don wanin Allah."

Ta juya fuska ga bango. Ni kuwa tsoro biyu suka haɗu mini: na abin da ke cikin motar, da na wayewar gari ba kaka.

Baffana, wanda ya yi aikin gareji a Gaya, shi ya buɗe gaban motar. Ya kunna kilim, ya kashe, ya sake kunnawa. Sannan ya ɗora bakin wani dogon ƙarfe a kan kwamfaresa, tukunyar ƙarfen da ke tura gas mai kawo sanyi, ya kara ɗaya bakin a kunnensa. Ya jawo ni ina turjewa. "Zo ka ji doguwar taku, matsoraci." Ina karanto duk addu'ar da na sani na saurara. Gurza na ji, kamar dutsen niƙa da aka zuba wa tsakuwa. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗin bututu, kumfa ta kumbura. Ta nan gas ke zurarewa, in ji shi, ya tafi da man da ke ciki. Tukunyar ta bushe tana cijewa, igiyar robar da ke juya ta tana zamewa, ita ce mai ihun.

Ya hau babur ya samo wata tukunyar ta hannu a Dogon Dutsi, da mai, da tulun gas. Amma yana kwance bututun tsohuwar, sauran gas ya fashe da huci, fari fat, mai sanyin da ya ƙona masa yatsu a tsakiyar bazara. Mata suka watse da salati.

Daga kan tabarmarta kaka ta ce, "Ta hita?"

Baba ba ya ƙarya, sai ya bar wa Baffa amsa. Baffa ya shigo rungume da tsohuwar tukunyar, yatsunsa naɗe da tsumma. "Abin da ke kuka ga shi nan, Inna, an hidda shi."

Ta dubi tukunyar. "Ku maida mata abinta gindin gawo."

Baba da kansa ya ɗauka ya kai. Da aka ɗaura sabuwar aka danna, "tak" kawai muka ji, sai sanyi. Aka ɗauko kaka, ta shiga, aka kai ta Dogon Dutsi. Allah Ya ara mana ita damuna da yawa bayan haka.

Yanzu na ga makanikai na jona wa mota na'ura ta faɗi ciwonta, ba mai kara kunne. Kaka da baba sun rigaye mu, Allah Ya jiƙansu. Tukunyar tana nan gindin gawo, tsatsa ta cinye rabinta. Na san sarai ƙarfe ne, da kunnena na ji. Amma har yau ban ga wanda ya ɗauke ta ba, kuma ni ma, idan zan wuce, nakan ɗan kewaye.