Ranar da na kai ƙarar kaina wajen manaja

Ko zan manta da komai na zamana a Dubai, ban da ranar da na ɗauki takardu da hannuna na je na kai ƙarar kaina. Har yau idan na tuna sai in ji daɗi, in ce ashe ni ma na taɓa yin abin kirki.

A lokacin ina sashen biyan albashi na wani kamfanin gyaran na'urorin sanyaya ɗaki a unguwar Al Rigga, ban ma cika shekara ba. Ni kaɗai ce Bahaushiya a ofishin, ga rawar kai, ga son a ce na iya. Tsarin kamfanin shi ne, inshorar lafiyar ma'aikaci kamfani ke biya, amma wanda ya sa iyalinsa a ciki ana cire wani abu daga albashinsa duk wata. Yawan abin da ake cirewa ya danganta da matakin albashinka na asali: in aka yi maka ƙari har ka haye mataki, cirewar ta ƙaru. Kuɗin obatayim kuwa, wato awannin da mutum ya ƙara bayan tashi, ba sa shiga wannan lissafin ko kaɗan.

Cikin masu gyaran akwai wani dattijo mutumin kudancin Kaduna, Kirista, wanda Hausarsa ta fi tawa daɗi. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini 'yata. A unguwar Al Satwa yake zaune da matarsa, Mama, mai fama da ciwon suga. Da zafin shekarar ya kankama aka yi masa ɗan ƙarin albashi. Don in burge shi, ban bari sai wata mai zuwa ba, na shigar da ƙarin da hannuna cikin gaggawa ranar da ake rufe lissafi. Na yi ta jin kaina har gida.

Bayan wata uku, wata Talata da hantsi, sai ga shi a bakin teburina, hularsa a hannu. Ya ajiye wani fom ya ce, "'Yata, taimaka ki buga mini hatimi."

Na duba, sai na ga fom ɗin cire iyali daga inshora ne.

"Baba, in ka cire Mama ina za ka sa ta? Ka san ba za a sabunta mata biza babu inshora ba."

"Gida za ta koma. Zafi ya wuce, obatayim ya ƙare, abin da ake cirewa ya fi ƙarfina. Ga yara a makaranta."

"Maganinta fa?"

"Allah yana nan," in ji shi.

Abin ya ɗaure mini kai, don ƙarin da aka yi masa bai kai ya haye mataki ba. Na jawo kwamfuta zan buɗe bayanansa, sai ya ce da sauri, "Bar shi kawai, ki buga." Ni kuwa da taurin kai, na buɗe. Innalillahi! A gurbin albashin asali da ake lissafa inshora da shi, jimillar watan da aka yi ƙarin na kwafa, har da obatayim ɗin da ya sha rana a kan rufin mutane ya tara. Na haye da shi mataki biyu. Ƙarin nasa gaba ɗaya inshora ta haɗiye, har ta ci cikin tsohon albashinsa.

Na ɗago, ya kawar da kai. Nan na gane ya sani.

"Tun yaushe, Baba?"

"Tun watan farko. Wanda aka yi mana ƙari tare ya nuna mini takardarsa."

"Haba Baba! Shi ne ka yi shiru?"

"In faɗa wa wa? Gyaran sai manaja ya sa hannu, kuma teburinki ne. Ke kaɗai ce tamu a saman nan. In ja miki kora, in kalli idon wa?"

Wallahi kunya ta kama ni, haushi ma ya kama ni. Mutum ya yarda ya raba matarsa da likitanta don kada a ga laifina! Ba zan ɓoye ba, na ji tsoro. Saura 'yan makonni a duba ko za a sabunta kwantiragina, ga hatimi a gabana, ga shi da kansa yana roƙo in buga. Babu wanda zai taɓa sani.

Na tura fom ɗin cikin aljihun tebur na kulle, na ce, "Zauna a nan, kada ka motsa." Na fitar da takardun wata ukun na nufi ofishin manaja.

Manajan Balarabe ne mai saurin fushi. Na shimfiɗa masa takardun na ce kuskurena ne, ga inda na yi shi, ga abin da za a mayar wa mutumin. Ya yi faɗa har sai da masu wucewa suka riƙa leƙe. Ya tambayi wanda ya kai ƙara, na ce babu. Ya ce to wa ya gano? Na ce ni. Sai ya ja biro ya sa hannu. "Khalas, shi ke nan. A mayar masa a albashin watan nan. Ke kuma za ki ga takardar gargaɗi."

Na ga takardar kuwa, ƙarin da nake sa rai shekarar ma ya bi ruwa. Amma na fito daga ofishin nan kaina a sama, kamar ni aka yi wa ƙarin girma. Da na gaya wa Baba, ya yi mini godiya. Mama ba ta je ko'ina ba, ta ci gaba da ganin likitanta.

Yanzu ni ce shugabar sashen a wani kamfanin. Duk wanda aka yi wa ƙari sai na zaunar da shi mun bi takardarsa layi-layi, ya ga abin da zai shigo da abin da inshora za ta ɗauka. Na koyi cewa karar da mutanenmu ke yi wa nasu tana iya cin lafiyar iyalinsu, kuma wanda ake yi wa karar shi ya kamata ya fara magana. Shi ya sa idan namu ya tsaya a gabana ya ce "ba komai", a nan nake jawo masa kujera.