Yadda Na Hau Makara a Duwala Na Dawo da Ƙafata

Garwa zuwa Yawunde

Na bar gida ran Talata tun kafin kiran asuba. Dalilin tafiyar Goggo Asabe ce, ƙanwar mahaifina, da ke unguwar Hausawa ta New Bell tun kafin a haife ni. Duk damina ɗakinta na haya sai ya sha ruwa har gwiwa. Masallacin unguwar ya gina bene a filin wakafi domin tsofaffi da matan da mazansu suka rasu, haya ba yawa. An ba ta ɗaki a sama, ta ce a kai kasuwa. In Juma'a ta wuce ba ta karɓi makulli ba, za a ba wani. Dangi suka duba wanda ya fi kowa rashin aikin yi, suka turo ni.

A shingen farko jandarma ya dubi hoton katina, ya dube ni. "Ka tsufa," in ji shi. Na ce, "Hanyar ce." A Ngawundare na kama jirgin ƙasa na yamma. Maƙwabcina a kujera yana da buhun kilishi guda, muka yi hira har Yawunde, bai ce bismilla ba.

Duwala

Daga Yawunde bas na shiga. A Ndokoti, mashigar Duwala, cunkoson motoci ya tsayar da mu cik, har na sayi takalmi ta taga. Na sauka na hau babur ɗin da suke kira bensikin, ya kai ni New Bell ina ta salati.

Na iske Goggo ta ɗora gadonta a kan bulo. Ta ba ni gasasshen kifi da miyondo, wato rogon da ake dafawa a naɗe cikin ganye, ta jira na wanke hannu.

"Sale, turo ka aka yi?"

"Zumunci ne, Goggo."

"Zumunci da jirgin ƙasa? To, ka je ka gaya wa kwamitin masallaci a kawo makara."

Ran Alhamis

Shugaban kwamitin, Malam Isiyaku, ma'aikacin ofis ne haifaffen unguwar. Ya zaga da ni ginin: famfo, taga biyu, bayan gida mai ƙofa. Gaskiya ya burge ni.

"Tout est prévu, an tanadi komai, Malam Sale. Me Hajiya take so kuma?"

Goggo ta amsa da kanta. "Na ga hanyar hawa. Ta saukowa nake so in gani."

Bayan azahar aka ɗauko makarar masallaci. Ta ce wofi ba gwaji ba ne, a sa mutum. Aka duba wanda ya fi jiki, kuma baƙo ne, ba zai yi musu ba. Na kwanta. Mutum huɗu suka ɗauke ni daga ɗakin sama, muna tafiya lafiya, sai a kwanar matattakala makara ta cije. Suka ja baya, suka gwada ta gefe. Wani ya ce a ɗaga wajen kai. Na fara zamewa, na riƙe katako.

"Mamaci ba ya riƙewa," in ji Goggo. Na saki. Na gangaro matakala uku da bayana.

Ba wanda ya yi dariya, don ita ba ta yi ba. Ta ce ranar da mijinta ya rasu ruwa ya cika lungunsu, makara ta kasa shiga. A tabarma aka naɗo shi, aka fito da shi a tsaye kamar itace, tana kallo. "Na yi zaman ƙunci, na haƙura. Amma fita ta ƙarshe a kwance zan yi ta."

Tausayinta ya kama ni, har na manta da bayana. Malam Isiyaku ya daɗe yana kallon kwanar nan. A ƙasa akwai ɗakuna biyu masu dogon dandamali da ruwa ba ya hawa, waɗanda aka ware wa kwamiti, ofis da wurin taro. Ya ce, "Kwamiti na da ƙafa, zai hau sama." Kafin la'asar muka kwashe kayanta zuwa ɗakin ƙasa, bulon kawai muka bari.

Komawa

Na biyo hanyar da na zo, na isa Garwa ran Lahadi. Godiya ga Allah da ya sauke ni lafiya daga bas, da jirgi, da makara, kuma Allah ya saka wa mutanen New Bell da alheri. Bayan mako guda Goggo ta kira ni. Ta ce wai an kwana ana ruwa a Duwala, ita sai da safe maƙwabta suka gaya mata.