Malamin da Ke Auna Gonakin Mutane

A ƙauyenmu na gefen Makoda, idan an gama girbi, kakarmu Iya Falmata takan sa a jawo karan dawa a hura wuta a ƙofar ɗakinta. Da an idar da sallar magariba muke kewaye ta, kowa da 'yar gyaɗarsa yana turawa cikin toka. Gidajenmu a manne suke da juna, har tarin maƙwabci kana ji daga bayan danga. Iya ba ta fara magana sai ta ga kowa ya natsu.

Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini. Wanda ya zauna shi ne labarin kakanta, Malam Bukar. Duk ranar da za ta ba da shi takan ce, "Na yau ba ƙirƙira ba ne, ku matso. Jininku ne."

An haifi Malam Bukar a gindin duwatsu, can gabas da Borno. Yana saurayi ya fita neman ilmi, ya ce wa mahaifiyarsa damina biyu zai yi ya dawo. Ya karanci hisabi da rabon gado, karatu ya yi ta jan sa har ya kawo shi ƙasar Kano, zamanin da Turawa ba su zo ba. Alƙali ya ga ya iya, sai ya riƙa tura shi ƙauyukan da magada ke rikici a kan gona. Da igiyar rama yake zuwa, mai ƙulli-ƙulli. Ya auna tsawo, ya auna faɗi, ya duba inda fadama take da inda jigawa take, sannan ya sa a dasa gamba a kan iyaka.

"Ba ya raba ƙasa sai ya ɗanɗana ta," in ji Iya, tana kai yatsa baki. Mu yi ta dariya.

A nan ya yi aure, ya haifi mahaifin Iya. Ɗalibai suka riƙa zuwa daga Kazaure da Dambatta, manyan mutane masu gemu, suna zama ƙarƙashin ɗorawarsa suna koyon awo. Kowace kaka sai ya ce bana zai je gida, kowace kaka kuma sai wani rikicin ya taso, ko wani ɗalibin ya roƙe shi ya bari ya sauke littafi.

Sai da gemunsa ya yi fari sannan ya tara ɗaliban, ya miƙa wa babbansu igiyar. "Ka iya," ya ce masa. "Ni zan je in ga tsohuwa, in tana nan." Ya bi ayarin fatake masu zuwa Borno.

A wani zango bayan Gumel ya ji wani bafatake yana magana da harshen garinsu. Ya kama hannunsa, ya tambaye shi mutanensa ɗaya bayan ɗaya. Mutumin ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, garin nan ya tashi tun ina yaro. Yaƙi ya watsa shi. Ko kushewa ba za ka gane ba."

Da gari ya waye ayari ya yi gabas, shi ya juyo yamma.

A nan muryar Iya takan sauka. Ta ce ya dawo ya ci gaba da karantarwa har ƙarshen ransa, bai ƙara ambaton tafiya ba. Sai dai kullum bayan la'asar yakan je ƙarshen gonarsa, inda wani babban suri yake, ya hau da ƙyar ya zauna yana fuskantar gabas. Ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, ba shi da wani tudun da ya fi wannan. Matarsa ta taɓa tambayarsa me yake gani. Ya ce, "Ba komai. Ƙafata ce take son hawa."

"To, a nan ya tsaya," Iya ta ce. "Ku kwashe gyaɗarku."

Lokacin ni abin dariya na ɗauke shi, tsoho a kan suri.

Da na girma na tafi Zariya karatun safiyo, wato awon ƙasa. Babban malaminmu wani dattijon farfesa ne, Baturen ƙasar Suwizalan, wanda ya yaye masu awon ƙasa da yawa kafin mu. Wata rana muka hau dutsen Kufena da na'urorinmu. Muka gama aiki, kowa ya fara sauka, shi ya zauna a kan wani falalen dutse ya cire hularsa. Na koma in karɓar masa kaya. Ya ce mini da Hausarsa mai gargada, "A garinmu, daga taga uwata take ganin ƙanƙara a kan dutse. Na ce mata ba zan daɗe ba."

Ban tambaye shi ko tana raye ba. Na ajiye kayan na zauna kusa da shi.

Yanzu ni ma na tsufa a garin da ba nawa ba, ina koya wa 'ya'yan mutane awo. Na gane ba rashin so ne ya tsare waɗannan mutane biyu ba. Aikin ne ya so su, suka so shi, gida kuma bai iya jira ba. Iya ta rasu ina wajen aiki a kudu. Da ina da wanda zan tambaya, da na tambaya ko saboda ni take yawan ba da labarin nan, don ni ne a cikin jikokinta wanda kullum ke cewa zai tafi.