Anti Talatu Ta Ajiye Makirfo

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina cikin keke napep za ni aiki da safen nan, Maryam 'yar Anti Talatu ta kira ni tana kuka. Ta ce Mama ta rasu bayan sallar asuba. Har muka wuce gidan rediyon ban iya ce wa mai keken ya tsaya ba.

Ga wanda bai san ta ba, ita ce ta fara shirin Hausa a gidan rediyonmu na nan Enugu. A unguwar Uwani ta nan garin aka haife ta, Ibo a bakinta kamar Hausa. Ita ta koya mini aikin nan.

Wani tsohon likita ne ya kafa gidan. A Kano ya yi ƙuruciya, shi ya sa ya ba Hausa awa guda kullum da la'asar. Gaisuwa, sanarwar suna da rasuwa, cigiyar wanda ya zo daga Arewa ya rasa 'yan uwansa. Idan jita-jitar rikici ta tashi, sai an ji abin da Anti ta ce kafin a rufe shago.

Ranar da na fara zama gaban makirfo, Anti ta miƙo mini ruwa ta ce, "Sadiya, ki ɗauka da mutum ɗaya kike magana, yana tura baro a rana."

Da likitan ya rasu, 'ya'yansa suka sayar wa wani kamfani. Aka mayar da gidan na kiɗa zalla, Turanci da Pidgin. A jikin allo muka ga takardar an soke shirinmu. Ni kuka na yi. Ita kuwa ta gyara mayafi ta ce mu tafi kasuwar Kenyatta, akwai sanarwar da ba mu karɓo ba.

Na ce, "Anti, a ina za mu karanta?"

Ta ɗaga wayarta.

Haka muka koma yin shirin a falonta, muna turawa a WhatsApp. Sai mun kashe fanka saboda ƙara, mu yi ta zufa. In muka gama ba ta taɓa barina na tafi ban ci abinci ba. Amma abin yana damun ta, domin da yawa daga 'yan dako da masu okada, wato acaɓa, ƙaramar waya ce da su, rediyo kawai take kamawa.

Daga baya kamfanin ya gaji, wata 'yar kasuwa ta sayi gidan, ta mayar da shi na labarai da kiran waya. Anti ta ja ni ofishinta. Matar ta ce ba ta ga wanda zai saurari Hausa a garin nan ba.

Anti ba ta yi gardama ba. Ta kunna mata saƙon wani dattijo daga Sakkwato da ke neman ƙaninsa, wanda ya zo aikin gini ya daina kira. Ta fassara mata da Ibo, kalma bayan kalma. Sannan ta ce, "Madam, abeg, ki ba ni rabin awa. In ba wanda ya kira, da ƙafata zan tafi."

Aka ba mu ranar Lahadi. Layin bai huta ba har muka rufe. Mutum na huɗu da ya kira, abokin aikin wanda ake nema ne. Ashe ƙanin dattijon yana kwance a asibiti, wayarsa ta ɓata.

Yau shirin awa guda ne, Asabar da Lahadi, kuma mu uku muke gabatarwa, duk ɗalibanta.

Makon jiya na je duba ta. Ta rame, amma rediyo na gefen filonta. Ina durƙusawa gaisuwa ta ce, "Na ji ki jiya. Kina sauri wajen lambar waya. Ki maimaita sau biyu, mutanenki ba su da biro a hannu." Ta yi dariya, ta riƙe hannuna, ta ce yanzu hankalinta kwance yake.

Ban san sallama ce ba.

Asabar ɗin nan shirin zai fita a lokacinsa, in sha Allahu. Za mu buɗe layi ga duk wanda ke da abin faɗa a kanta.

Ya Allah, ka gafarta wa Anti Talatu, ka haskaka kabarinta, ka saka mata da Aljanna saboda zumuncin da ta sada. Ka ba Maryam da ƙannenta haƙuri.

Don Allah duk wanda ya karanta, ya ambace ta a addu'arsa yau.