Salamatu da Ƙwan Agwagwa

Kakarmu Iya Gambo ba ta yin tatsuniya sai tana suyar gyaɗa. Bayan magariba takan hura gawayi, ta ɗora kasko da yashi, mu kewaye ta a tsakar gidanmu na unguwar Hindawiyya a Makka, gidan da rabinsa dutse ne, rabinsa gwangwanin kananzir. Da safe mu ne masu kai gyaɗar talla hanyar Harami, ni da Salamatu.

Salamatu 'yar'uwata ce, amma ba cikinmu ɗaya ba. Shekarar da aka haife ni, Iya tana karɓar wanki a masaukin alhazan Jawa, mutanen da ke zuwa daga can ƙetaren teku. Wata a cikinsu ta haihu a jirgin ruwa, mijinta ya rasu a Mina, zazzaɓi kuma ya ƙafar mata da nono. Da lokacin komawa gida ya yi, ta san jaririyar ba za ta kai gida da rai ba, sai ta miƙa wa Iya ita. Ba mai jin harshen wata a cikinsu. Da hannu ta nuna za ta dawo.

Iya ta goyo ta zuwa gida, ta ɗora wa Inna, mahaifiyata, a cinya. "Binta dama, wannan hagu," in ji ta. Nono ya haɗa mu, ta zama ƙanwar yayyena maza har a shari'a. Sai yaƙi ya zo, jiragen Jawa suka ɗauke ƙafa. Salamatu ta taso da Hausar Kano a bakinta, da gashi mai santsi wanda kitso ba ya kwana a kansa.

Shekarar da jirage suka dawo, abu biyu suka canja. Da alhazai sun fara shigowa, sai a hana Salamatu fita, ni kaɗai nake ɗaukar faranti a rana ina ƙunƙuni. Iya kuma ta zo da sabuwar tatsuniya, wadda ba ta yin ta sai a watannin aikin hajji.

"Ku matso, ga wata nan tafe."

"Ta iso lafiya, Iya."

Wai wata agwagwar ruwa ce ta sauka a wani gari, fari ya kama ta, ta bar wa kaza ajiyar ƙwanta guda. Kaza ta kwanta a kansa tare da nata. Da aka ƙyanƙyashe, 'yar agwagwa ta koyi tono, ta koyi gudun shirwa, ta fi duk 'yan tsaki son ƙarƙashin fiffike. Da damina ta kewayo, agwagin ruwa suka zo wucewa ta sama suna kira. Kaza ta jawo 'yar, ta rufe mata kunnuwa da fiffike har suka wuce.

"Sai me, Iya?"

"Sai gyaɗa za ta ƙone. Halas, shi ke nan, ku tashi."

Kullum nan take tsayawa. Mu dariya muke yi, yayana Sani har yakan kwaikwayi tafiyar agwagwa yana tsokanar Salamatu. Wata rana ita ce ta yi tambaya, tana ɓare gyaɗa, ba ta ko ɗago kai ba.

"Iya, uwar tana cikin masu kiran?"

Ludayin Iya ya tsaya a cikin yashi. "Ke da surutu, 'yar nan. Kaza ta san harshen agwagwa ne?" Ranar gyaɗar ta ƙone da gaske, washegari muka yini muna tsince baƙaƙen.

Sai bayan rasuwar Iya, ina da 'ya'yana, Inna ta gaya mini. Matar nan, uwar Salamatu, ta dawo a jirgin farko. Ta bi zuƙaƙi zuƙaƙi, wato lungu lungu, da wani tafinta tana neman mai wanki, har ta tsaya a ƙofarmu. Lokacin ni da Salamatu muna ƙuryar ɗaki muna 'yar carafke. Iya ta fita ta ce yarinya ta rasu tun tana goye, baƙon dauro ne. Inna tana bayan asabari tana ji, ba ta fito ba. Ta ce matar ba ta yi kururuwa ba. Ta zauna a dakali, Iya ta ba ta ruwa, ta sha, ta yi godiya saboda wahalar da aka yi da 'yarta. Godiyar nan, in ji Inna, ita ce ta hana Iya barci har ta koma ga Allah.

Da ina yarinya na ɗauka tatsuniyar kaza mai son 'yarta ce. Yanzu na gane ajiya ce aka hana mai ita, kuma Iya ba mu take ba labari ba. Kowace shekara gaban Salamatu take zuwa da laifinta, ta kai bakin faɗa, ta kasa. Mun so Salamatu, wannan ba ƙarya. Amma da son ne muka rufe mata kunne, dukanmu.

Ban san abin da ta sani ba. Na dai san har ta tsufa, duk lokacin hajji takan soya gyaɗa ta zauna a hanyar Harami. In tsofaffin matan Jawa sun zo wucewa, sai ta cika musu hannu kyauta, tana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya.

Bana ta rasu, kafin alhazai su shigo. Bayan an watse daga zaman makoki, jikokinta suka kewaye ni, suka ce in yi musu ta kaza da agwagwa, wai kakarsu takan yi musu amma ba ta taɓa ƙarasawa ba. Na yi musu har inda Iya take kaiwa.

"Sai me, Hajiya?"

Na ce gyaɗa za ta ƙone. Ƙaramar cikinsu ta waiga ta dubi murhu. Ko wuta babu.