Fuskar da Kaka Bai Zana Ba

Ina gugar kayan uwar ɗakina a unguwar Naseem, a ƙasar Larabawa, saƙon ƙanena ya shigo: "Yaya, Kaka ya rasu da safen nan. Sai haƙuri." Na kashe dutsen guga, na zauna a ƙasa. A garin nan babu cocin da zan je in sa a yi masa Misa, fasfona kuma yana hannun kafil, mai gidan da ya ɗauko ni aiki. Da yatsuna na ja Rosari.

Kaka ne mai zanen bangon cocin ƙauyenmu. Ginin ƙasa ne, duk damina danshi yakan cinye zanen Hanyar Gicciye, shi kuma ya sabunta shi kafin azumi, da farar ƙasa da ja da gawayi. Har yau ina jin warin makuba a hannunsa. Wani Fada Bature ne ya koya masa, amma Kaka bai yarda da fuskokin Turawa ba, namu yake sawa. Wanda ya taya Yesu ɗaukar gicciye maƙerin garinmu ne, har da giɓinsa. Sojan da ke riƙe da bulala kuwa, kowa ya gane surukin Kaka ne, ba dai mai faɗa.

Ni matar nan nake so, wadda ta ratsa taro ta share wa Yesu fuska da mayafinta.

"Kaka, ka sa ni mana."

"Ke amaryata, da waɗannan kumatun? Ai sai a ce tuwo kika kawo masa. Bari fuskarki ta ga duniya tukuna."

Bara ya sa ƙanena ya kira ni. Muryar Kaka ta yi ƙasa sosai. "Amarya, shekara tara kina share gidan wasu. Yanzu kin isa. Turo hoto."

Ran Juma'a na je kasuwar Batha aka ɗauke ni hoto. Da na duba, sai na ga idanu sun faɗa, kumatun babu, furfura ta leƙo ta gefen ɗankwali. A gida sun ɗauka daɗi nake ji a nan. Na ce bari in ɗan murmure. Sau uku Kaka yana aiko mini da tuni.

Yanzu an ce za a rushe cocin a yi na bulo, a rataya hotunan da aka bugo daga birni. Na tambayi ƙanena labarin bangon. Ya ce Kaka ya gama matar, mayafinta da hannayenta, har da irin zanen da nake ɗaurawa. Wurin fuskar ne ya bari fari.

Hoton yana nan cikin jakata. Ban tura ba.