Wasiƙa ta Uku da Na Ɓoye wa Yaya Habibu

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana, Dokta Habibu, makwancinsa a Baƙi'a. Duk shekara idan zafin Madina ya fara sauka, dabino ya cika kasuwa, sai ƙirjina ya yi nauyi. Wannan ce kaka ta farko da ta same ni da hankali kwance, shi ya sa na iya ɗaukar biro.

Yaya likitan yara ne. Kafin ya zo Madina ya yi shekara shida a Ingila, inda ya shaƙu da wani likita Bayahude da muke kira Dauda. A bakin Yaya na fara jin yadda suke kakarsu: su shiga sabuwar shekara da busa ƙahon rago da lasar zuma, bayan kwana goma su yi babban azumi na kwana da yini, sannan su kafa rumfa a bayan gida su ci abinci cikinta kwana bakwai. Ya kan yi dariya idan ya tuna Dauda zaune a rumfa cikin yayyafin Ingila, yana lallaɓa reshen dabino ɗaya tal kamar jariri, alhali a nan da shi ake share tsakar gida.

Abotar ta watse ne a kan takardar magani. An ba wani yaro fiye da kima, Allah ya sa ya rayu. Dauda ne ya rubuta, amma da aka zauna bincike ya yi gum, laifi ya faɗa kan Yaya, aikinsa ya tafi. Haka ya tattaro ya zo nan, daga baya ya jawo ni na samu aiki a kantin magani a unguwar Anbariyya. Makullin akwatin gidan waya a hannuna yake, ni nake kai masa wasiƙunsa gida a unguwar Ƙiblatain.

Wata kaka sai ga wasiƙar Dauda. Ya amsa laifinsa ba kwana-kwana, ya kuma yi bayanin dokarsu. Babban azumin nan, in ji shi, yana wanke abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa ne kawai. Haƙƙin ɗan Adam kuwa sai ka je ka roƙi mai shi kafin ranar, har sau uku. Idan ka cika uku ya ƙi, nauyi ya sauka daga kanka. Yaya ya karanta, ya ninke, ya ce a kawo shayi. Da shekara ta zagayo ta biyu ta iso, ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce, "Sagir, ashe su ma sun san haƙƙin bayi." Bai ba da amsa ba.

Ni kuwa zuciya ce da ni, kowa ya sani. Na ga yadda Yaya ya rame a shekarun farko, na ga yana duba takardar magani sau huɗu kafin ya sa hannu. Da ta uku ta zo sai na yi lissafi irin na mai kantin magani: ƙwaya uku aka rubuta, in ba a sha ta uku ba magani bai cika ba. Idan wasiƙar ba ta kai hannun Yaya ba, ukun Dauda ba su cika ba, ya ci gaba da ɗaukar kayansa. Na jefa ta ƙasan akwatina, har ina jin na yi dabara.

Bayan sati biyu muna fitowa daga Harami Yaya ya tambaye ni, "Ba saƙo daga Ingila?" Na ce babu. Ya gyaɗa kai kawai. Wata huɗu bayan nan zuciyarsa ta tsaya yana tsakiyar duba marasa lafiya.

Tun daga ranar ban huta ba. Na yi wa yayana ƙarya, na kuma tare masa ƙofar yafiya. Tsorona shi ne ya tafi da gaba a ransa, kuma ni ne sila. Shekara goma sha ɗaya ina shiga Baƙi'a in yi sallama, in kasa ɗaga kai.

Bara, ana saura kwana huɗu azuminsu, wayata ta yi ƙara a kanti. Dauda ne, muryarsa ta tsufa. Sai a lokacin ya ji rasuwar daga wani tsohon abokin karatunsu, wanda ya ba shi lambata. Ya ce doka ta sallame shi tun da ya cika uku, amma zuciyarsa ta ƙi. Malaminsu ya gaya masa idan wanda ka zalunta ya rasu, sai ka tara maza goma a bakin kabarinsa ka faɗi laifinka, in da nisa ka wakilta wani. Shi ba Musulmi ba ne, ba zai iya shiga Madina ba. Ko zan wakilce shi? Na ce ya ba ni kwana ɗaya, na kashe waya.

Bayan La'asar na tafi unguwar Khalidiyya wajen matar Yaya, Hajiya Rabi, da wasiƙar a aljihu, ko buɗe ta ban taɓa yi ba. Na zayyana mata komai kaina a ƙasa. Ta yi salati, ta dafe haɓa.

"Kai dai Sagiru ba ka da dama! Shekara goma sha ɗaya kana dakon wannan? Ai yayanka ya yafe tun ta biyu. A nan ya faɗa, a gabana, ya ce in zama shaida."

"To, Yaya Rabi, me ya hana shi rubutawa?"

"Jan aji mana, ka manta halinsa? Ya ce bari mutumin ya cika ukunsa tukuna, sai ya amsa. Khalas, shi ke nan, share hawayenka. Shi ya tafi da farar zuciya. Wancan bawan Allahn ne ka bari a rana."

Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka. Amma maganarta ta ƙarshe ta zauna mini.

Washegari na kira Dauda. Na ce ba sai an tara maza goma ba, mu ba ma kai wa mamaci ƙara, addu'a muke yi masa, kuma ga shaida an yafe masa tuntuni. Sannan na gaya masa inda wasiƙarsa ta uku ta kwana duk shekarun nan, na roƙe shi gafara. Bai bar ni na maimaita ba. Ya ce, "Na yafe maka, ɗan'uwan Habibu. Bana zan yi azumi da sauƙi."

Na kan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga yau. Harami ya faɗaɗa ya haɗiye lungunan da muke sayen gurasa, 'ya'yansa ana yi musu Hausa suna amsawa da Larabci, saƙon da ke sati uku a hanya yanzu ƙiftawar ido ne. Na tabbata zai fara ne da yi mini tsiya a kan lissafin ƙwayoyina, sannan ya yarda cewa shi ma jan ajinsa bai yi rana ba.

Kabarinsa ba shi da alama, kamar sauran na Baƙi'a. Abin da ya bari yana jikin yaran da ya yi wa magani, waɗanda yanzu suke zuwa kantina da nasu 'ya'yan. Ni kuma ya bar mini ɗabi'a guda: wanda duk ya ce in yafe masa, ba na barin ya tashi daga wurin bai ji amsa ba. Allah ya jiƙan Yaya Habibu. Jumma'ar da ta wuce na shiga na yi masa sallama, kaina a ɗage.